Ranar allurar gwiwar Inna

Talata, da dare.

Da safe na kai Inna wajen likitan ƙashi. Mako uku ke nan gwiwarta ta dama a kumbure, sai ta dafa bango take iya miƙewa daga kujera. A hoton da aka ɗauka, likita ya nuna mana inda guringuntsi ya zaizaye, har ƙasusuwan sun kusa gogar juna ta gefen ciki.

Ni dai da allurar sitiroyid, maganin rage kumburi, na tafi a raina, irin wadda aka yi mata bara. Ta ji daɗinta ƙwarai, amma bayan mako shida ciwon ya dawo, sugarta kuma sai da ta yi kwanaki a sama. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba a son maimaita ta kafin wata uku, sannan ya ba mu labarin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017. Mutum 140 ne, rabi ana yi musu allurar tirayamsinolon, wani nau'in sitiroyid, a gwiwa duk mako 12, rabi ruwan gishiri, har shekara 2. Guringuntsin masu sitiroyid ya fi raguwa, ta fannin ciwo kuwa duk kanwar ja ce. Nan gabana ya faɗi, don da ta ni aka bi, da tuni an ƙara mata sau biyu.

Sai ya kawo maganar ketorolak, maganin ciwo dangin ibufurofen, wanda ake zubawa cikin gaɓar kai tsaye. Inda aka gwada su gefe da gefe, sauƙin da yake bayarwa ya kusa kama na sitiroyid, kuma ba ya tayar da suga. Ya ƙara da cewa gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma wajibi ne a duba lafiyar ƙoda da tarihin gyambon ciki. Allah Ya taimake mu, gwajin ƙodarta na watan jiya lafiya lau.

Na ce, "Inna, wacce kike so?"

Ta ce, "Ɗan nan, wadda za ta bar ni in runtsa."

Ya goge wurin, ya fara zuƙe wani ruwa rawaya cike da sirinji, sannan ya tura ketorolak ɗin. Ta damƙe hannuna har yatsuna suka yi sanyi, amma ko uffan ba ta ce ba.

Ɗazu na auna sugarta, tana inda take jiya. Na leƙa ɗakin sau biyu, barci take, ƙafar a miƙe kan matashi. Jibi za mu fara zuwa wajen masu gashin ƙashi don atisayen ƙarfafa cinya.