Shayin da na koya a Guangzhou

Ranar da na fara zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin takalma, na shiga shagon wani dattijo ɗan garin Chaozhou da takardar kayana a hannu, ina sauri. Ko kallonta bai yi ba. Ya nuna min kujera a gaban wani faffaɗan tire na katako mai ramuka, ya ɗora ruwa.

Wannan haɗin shayi suna ce masa gongfu cha, kuma mutanen Chaozhou da maƙwabtansu na lardin Fujian ne suka yi suna a kansa. Ya zuba ganyen Tieguanyin kamar giram 7 a wani ɗan kofi mai murfi, gaiwan. Ruwan farko bai ba kowa ba, da shi ya ɗauraye kofuna ya zubar. Na biyu bai kai daƙiƙa 15 ba ya tsiyaye. Ba sukari, ba na'ana'a, kofin kuma kurɓa biyu ne. Ni da na tashi da ataya a Maraɗi, wanda ganyensa ma daga Sin yake zuwa, sai na ji kamar ruwan zafi aka ba ni. Sai a zagaye na uku ƙamshin ya buɗe, wani zaƙi ya zauna min a maƙogwaro.

Bayan kwana 4 na ce, "Laoban, a bar ni in gwada." Laoban shi ne maigida da yarensu. Ya miƙo min gaiwan. Na kama cikinsa maimakon bakinsa, na ƙone yatsu. Na bar ganyen ya jiƙa yadda na saba, shayin ya fito da ɗaci. Na cika kofuna fal, ya girgiza kai: ba a wuce kashi 7 cikin 10, domin kofin ba shi da mariƙi, wanda ya cika shi ya ƙona baƙonsa. Ya kuma nuna min a fara da babba, mai zubawa shi ne na ƙarshe. Shi kuwa da na zuba masa, sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Godiyarsu ke nan, ba sai an katse hira ba.

Abin da ya fi kama ni, shi mai shagon da kansa yake zubawa, alhali yana da yara ma'aikata. Ganye ɗaya muka yi ta sha har zagaye 7, ya tambayi iyalina, ya nuna min hoton jikarsa. Maganar farashi sai da ganyen ya salamce muka taɓa ta.

Yanzu in zan je wurinsa ba na sa wani alƙawari a wannan safiyar.