Mu huɗu muka shiga kogon nan, mu huɗu muka fito

Jama'a jiya Asabar bayan isha'i tawagarmu ta gama kogon nan da ya cinye mu har sau biyu, ba wanda ya mutu, wallahi har yanzu daɗi nake ji.

A zauren gidanmu muke haɗuwa nan Yalwa a Bauchi, D&D muke bugawa, wasan tebur na labari da ake jefa dayis, da dokokin 2014. Ɗan kawuna ne mai jan wasan, shi ya zana kogon a bayan kwalin taliya, ya kwaikwayi kogunan Marshall da ya gani a Yankari, murafen lemo su ne goblin, ƙananan dodannin da muke yaƙa. Dayis ɗin daga Legas na yi oda, kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin kayan, naira dubu tara ta tafi gaba ɗaya, kuma duk mutuwar da aka yi sai an sake firintin takardu.

Karon farko kowa duka yake so, faita (mayaƙi) biyu da rog (mai sanɗa) da wizad (mai sihiri). Wizad ɗin jininsa, wato makin ransa, 8 kacal a lebul 1, kibiya biyu ta kwantar da shi, ba mai tashinsa, kwalbar magani kuma zinare 50 ce ba mu da su. To wannan kowa ya san laifinmu ne.

Na biyun ne ya dame ni. Na matsa wa ƙanina ya ɗauki kilarik tunda haka kowa ke cewa, sai da mai warkarwa tawaga ke cika, ya karɓa don yana jin nauyina. Gurbin sihiri biyu gare shi, wato sau biyu zai iya yin babban sihiri, a ɗakin farko ya ƙarar da su wajen cike jinin mutanen da ko faɗuwa ba su yi ba, daga nan ya koma kallo, sai na ga ya ciro waya yana latsawa, da muka tashi ya ce min Yaya ni fa sati mai zuwa ba zan zo ba, aikina kawai bin bayanku. Maganar nan ta fi mutuwar faitana yi min ciwo.

Sai na zauna da biro a bayan littafi na yi lissafi. Warkarwar da ake taɓa mutum 1d8 ce (dayis ɗaya mai fuska 8) da ƙarin 3, wato 7 ko 8 yawanci, shi kuwa bogbiya, babban dodon da ke ƙarshen kogon, dukansa 2d8+2 ne, kusan 11 kenan duk lokacin da ya same ka. Kana zuba ruwa ne a kwando, ka ɓata zagayenka kuma ba ka rage ko maƙiyi ɗaya ba. Abin da ya buɗe min ido shi ne mai jini 1 dukansa daidai yake da na mai cikakken jini. Ashe abin da muke buƙata kawai a samu mutum biyu da za su iya tada wanda ya faɗi, kuma kowannensu yana da nasa aikin da yake jin daɗinsa.

Ƙanina ya koma bad, mawaƙi mai sihiri, shi dai maroƙi yake ce masa har ya rubuta kalangu a takardarsa. Yana da kalmar warkarwa, daga ƙafa 60 yake jefa ta, bonas kawai take ci, wato ƙaramin aikin ƙari na zagaye, ya tada mutum ya kuma harba kibiyarsa a zagaye ɗaya. Ni na ajiye faita na ɗauki faladin, mayaƙi mai ɗan warkarwa, sulke da garkuwa kariyata 18, ga jini 5 a tafin hannu da nake rabawa ɗaya-ɗaya, na tsaya a bakin lungu na toshe. Wizad yana bayana da sihirin barci, 5d8 ɗin nan ya kwantar da goblin uku a lokaci guda tunda kowanne jininsa 7. Rog yana gaba yana duba tarko.

Da muka isa wajen bogbiya duka ɗaya ya zubar da rog. Ƙanina ya miƙe tsaye ya buga tabarma kamar kalangu, ya jefa d4 ta ba da 1, da ƙarin 3 jini 4, rog ya tashi, ina gefen dodon don haka ya samu ƙarin 1d6 na sukar bazata, ya gama da shi. Ihun da muka yi sai da Umma ta aiko a ce mu rage murya dare ya yi.

Amma fa dan Allah kar ku ɗauka ba haɗari, wanda ke kwance in aka doke shi daga kusa ya faɗi jifar tsira daga mutuwa sau biyu a take, saura ɗaya ya mutu, jiya ɗan kawuna bai bi ta kan na kwance ba kuma ya ce nan gaba zai bi.

Yanzu muna lebul 2, matsalar da ta rage duhu ne. Faladin ɗina ɗan adam ne ba ya gani a duhu, hannu ɗaya takobi ɗaya garkuwa, ba inda zan riƙe wuta, wizad kuma bai ɗauki sihirin haske ba sai lebul 4 zai iya ƙara ƙaramin sihiri irin wannan. In na ba shi wutar ya riƙe shi kibiya za ta fara nema. Wanda ya taɓa warware wannan ya faɗa min kafin Asabar.