Baƙin dayis ba ya karɓar ja haka kawai

Da sallah ta matso ko aka shiga lokacin bukukuwa, shagonmu na gyaran gashi a Samaru ba ya rabo da masu shigowa da ɗankwali ɗaure tamau, a hannu ga fankon kwalin rini mai hoton wata da jan gashi yana ta sheƙi. In aka kwance ɗankwalin kusan kullum abu ɗaya ne, gindin gashin ya yi ja wur har yana ɗaukar ido, daga tsakiya zuwa ƙarshe kuma baƙi ƙirin yadda yake tun farko, sai dai ya bushe ya yi kaushi. Mai kan ta ce ai jabun rini aka sayar mata a kasuwar Sabon Gari. Yawanci rinin lafiyarsa ƙalau.

Abu na farko da uwar ɗakina ta cusa min a kai da na fara koyon aikin nan shi ne rini ba ya ɗaga rini. Wannan kwalin da kike saya abu biyu ne a ciki, akwai man kalar mai amoniya, akwai ruwan dibelopa wanda feroksayid ne. Amoniya ta buɗe ɓawon silin gashi, feroksayid ya shiga ya cinye wani ɓangare na launin da Allah ya halicci gashin da shi, sannan sabuwar kala ta samu wurin zama. To launin halitta kawai yake iya ci. Baƙin dayis ɗin da kika shafa bara ya riga ya shige can cikin silin ya kumbura ya zauna daram, feroksayid na kwali bai isa ya motsa shi ba, duk jan da kika ɗora a kai baƙin ne zai haɗiye shi. Ki kai wa marini farin yadi ya mayar miki shuni a yini ɗaya, amma ki kai masa baƙi ki ce ja kike so ki ga kallon da zai yi miki. Shi kuwa gindin gashi sabon tsiro ne da bai taɓa ganin dayis ba, ga ɗumin fatar kai yana ƙara wa maganin sauri, shi ya sa shi kaɗai yake kamawa.

Saboda haka rabin aikin tambaya ce. Hajiya, uwar ɗakin nawa, ba ta taɓa kan mutum sai ta ji tarihinsa, yaushe kika yi rilaksa, me kika taɓa shafawa, lalle fa, wane irin lalle. Kuma na lura mutanenmu ba sa lissafa dayis a cikin rini, za ta ce miki wallahi Anti ban taɓa rina gashina ba, sai an ja ta da hira ta ce au, sau ɗaya dai lokacin bikin yayata aka ɗan shafa min don ya yi baƙi. Gashi fa abin da yake tsirowa a wata bai wuce santimita 1 da ɗan wani abu ba, kenan dayis ɗin bikin bara yana nan a jikin gashin bai je ko ina ba sai in almakashi ya bi ta kansa.

Lalle shi ne inda nake tsayawa sosai. Ganyen lalle zalla da aka daka a gida da sauƙi, amma garin da ake ƙullawa a leda ba ki san me aka cakuɗa ba, wani akwai sinadaran ƙarfe a ciki waɗanda in suka haɗu da feroksayid gashin zafi yake ɗauka har ya tsinke, wanda aka haɗa da baban rini kuma in bilic, wato maganin washe launin gashi, ya taɓa shi kore yake komawa. Abin da muke yi a shago, kuma kowa za ta iya a gida, ki tattara gashin da ya fita a mataji ki dunƙule shi, ki kwaɓa maganin kaɗan a murfin roba ki tsoma shi ciki, ki zauna kina kallo. In ya yi kumfa ko kika taɓa murfin kika ji ɗumi, ki wanke hannunki ki haƙura. In lokacin ya cika ki ɗauraye, ki ja silin tsakanin yatsu biyu, mai lafiya zai ɗan miƙe ya dawo, wanda ya mutu zai miƙe ya rabu biyu ba ko ƙara.

In gwajin ya yi kyau, sai a fara da maganin cire kala kafin a yi maganar bilic. Warin ruɓaɓɓen ƙwai gare shi, ki buɗe taga. Aikinsa ya tsuke ƙwayoyin dayis ɗin su yi ƙanana yadda ruwa zai fito da su, shi ya sa ɗaurayar ita ce aikin, ki yi ta wankewa da shamfu da ruwan ɗumi har hannunki ya gaji, in kika yi ha'inci washegari baƙin ya dawo. Kada ki tsorata in kika ga kan ya fito dabbare-dabbare ruwan ƙasa da ruwan goro, a kan wannan ja yake zama da kyau. Nan ne ma mai son ja ta fi mai son ruwan gwal sa'a, don baƙin gashi in yana washewa ta ja yake fara bi, sannan ruwan lemo, sannan rawaya, ke a matakin farko ko na biyu za ki sauka.

Lambobin jikin dibelopa kuma ba ado ba ne, 20 na nufin feroksayid kashi 6 cikin 100, 30 kashi 9, 40 kashi 12. 'Yan makaranta 40 suke nema wai ya fi sauri, ni dai ban ga abin da ya haɗa 40 da fatar kan mutum a ɗakin hostel ba. A shafa tsakiya da ƙarshen gashi tukuna, gindi sai daga baya. Wadda ta yi rilaksa ta bari aƙalla sati 2 kafin kowane rini, bilic kuwa a kan gashin rilaksa Hajiya ko nawa za a biya ba ta yi, kuma bayan rini ba a yin shuku mai ɗaure jijiya a satin.

Sai maganar kumburi. Baƙin dayis yana da wani sinadari PPD, kuma shi ɗin ne ake zana wa amare a hannu da sunan baƙin lalle, wadda jikinta ya taɓa yin ƙuraje ko ƙaiƙayi a wurin zanen ta sani jikin ya riga ya yi gaba da shi, kuma jan rini ma da yawa yana ɗauke da shi ko ɗan uwansa. A ɗiga kaɗan a bayan kunne a bar shi awa 48. In fuska ko ido ya fara tashi bayan rini, asibiti za a nufa, man shanu ba zai yi komai ba.

Iyayenmu mata da suke son barin baƙi saboda sun ji malamai na cewa a canja furfura amma a guji baƙi, su lalle nake ba su shawara, furfurar ta yi ja, sauran ya riƙa ɗan haskawa a rana, a riƙa datse tsohon dayis a hankali. Sai dai na kan faɗa musu lalle in ya shiga ba ya fita.

Ja kuma shi ne kalar da ta fi saurin zuba. Da hunturu kowa ruwan zafi take so, shi kuwa yake buɗe gashi ya kwashe kalar, sabulun salo ma haka, gara ruwa mai ɗan sanyi da man kaɗe bayan wanki. Satin farko ki ware tsohon tawul da tsohuwar rigar filo, farin hijabi kuma ki sa hula a ƙarƙashinsa musamman a zafin Afrilu, don gumi kaɗai ya isa ya sauko da jan har wuyan hijabin.