Mu ne a bakin gado

A ajinmu na masu koyon aikin mataimakiyar nas a Jidda, an sha gardama kan ko dole ne ɗaliba ta mallaki takardar shaidar CPR, wato farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, kafin a tura ta ɗakin marasa lafiya. Wasu ƙawayena suna cewa aikinmu bai wuce wanka, canjin zanin gado, awon zafin jiki da ba da abinci ba, farfaɗo da zuciya kuwa na likitoci ne. Ni dai ban yarda ba, balle da na yi aiki a ɗakin tsofaffi.

Likita zagaye yake yi ya wuce, nas kuma gadaje sun yi mata yawa. Wadda ke juya Baba don kada bayansa ya yi gyambo, ita ce za ta fara ganin ya daina amsawa. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran kowa: minti 4 zuwa 6 babu iska, ta soma lalacewa. Kafin waɗanda aka kira su iso, da wa aka bar shi?

Lissafin ba wuya a takarda. Danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan kowane 30 a hura numfashi 2. Sai ka durƙusa kan mutum-mutumin roba za ka san nauyin abin. Hannu na sanyi tun mai shi bai ankara ba, shi ya sa ake karɓar juna duk minti 2. Katifa mai laushi tana shanye ƙarfin dannawa, sai an sa allo a bayan mutum. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kakari. Zuciya na iya tsayawa mutum yana jan iska jefi-jefi, na kusa su ce ai yana numfashi, alhali lokacin farawa ke nan.

Akwai kuma kunya, wadda a gida aka raine mu da ita. Buɗe ƙirjin dattijo a manna masa na'urar shokin zuciya ba ƙaramin abu ba ne ga 'ya mace, kuma maimaici a aji ne kawai ke cire wannan ɗari-ɗarin.

Takardar da Ƙungiyar Zuciya ta Saudiyya ke bayarwa wa'adi gare ta, in ya cika a sabunta. Ana kukan kuɗin, amma hannu yana mantuwa, na gani a jikina.

Na fi jin tausayin 'yan uwanmu mata masu jinyar tsofaffi a gidaje a Makka da Jidda. Ba ƙararrawa, ba nas a kusa. In ta kira 997, ita kaɗai ce da Hajiya har motar asibiti ta gano gidan. Da zan samu dama, su zan fara tarawa, in nuna musu dannawar nan da Hausa, tun kafin a zo maganar takarda.