Gwajin ciwon dajin hanji: inda 'yan'uwanmu na Amurka ke maƙalewa

A Amurka, baƙar fata sun fi turawa kamuwa da ciwon dajin babban hanji da kusan kashi 20 cikin 100, sun kuma fi su mutuwa da shi da kusan kashi 40. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne jinkiri. Mutum zai ga jini a bayan gida, ya ce basir ne, ya aika gida a kawo masa jiƙo, sai abin ya ci jiki sannan a je asibiti.

Ciwon yakan fara ne da ɗan tsiron nama a bangon hanji, ba zafi ba alama, ya ɗauki kamar shekara 10 kafin ya rikiɗe. Shi ya sa tun 2021 aka maido shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Wanda mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, ya fara a 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano nasu.

Mafi sauƙi shi ne gwajin FIT, mai neman ɓoyayyen jini a bayan gida, sau ɗaya a shekara: a dangwali bayan gida da ɗan tsinken da ke cikin kwalbar gwajin, a rufe, a mayar cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a bar shi a mota, zafi na lalata jinin da ake nema. Mace ta jira al'ada ta ɗauke.

In an ga jini, dole a leƙa hanji da kyamara, wato kolonoskofi, kuma a nan mutanenmu suka fi tsayawa. Direban tasi a yankin Bronx na birnin New York ba ya son asarar kwana biyu, ga kunya, ga takardar shiri da Turanci. Shirin kuwa shi ne rabin aikin: ranar jajibiri ruwa-ruwa kawai marar launin ja, maganin wankin ciki rabi da yamma rabi da asuba. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ya gaya wa likita tun da wuri, domin tana baƙanta hanji. In hanji bai wanku ba, sai an sake. A zo da mai rakiya, saboda allurar barci.

Tafinta haƙƙinka ne, kyauta, kuma mace na iya neman likita mace. Marar inshora a birnin New York ya nemi shirin kula da lafiya na birnin, wato NYC Care, da takardun zama ko babu.

Tazarar nan tsakanin baƙar fata da turawa tana rufuwa in an dage. Jihar Delaware ta fara biya wa marasa inshora kuɗin gwaji da magani, ta sa ma'aikatan jinya suna bibiyar mutane ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 2009, baƙar fata sun kamo turawa a yawan yin gwajin, mace-macensu ya ragu ƙwarai.