Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kalangun Kawu

Makon jiya mun tsaya a inda na bar makaranta na koma zaman rumfar Baba a kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru. To a nan na fara rubutu, cikin 1999, shekarar da Allah Ya yi wa Mamman Shata rasuwa. Rediyon Kaduna muke kamawa a gajeren zango, ga kuma kaset-kaset da fatake ke shigowa da su daga Yola, duk lungun da ka bi su ake sawa.

Sai dai waƙar da ke da baiti ba ta barin mai rubutu ya yi nasa tunanin. Kana riƙe da biro, bakinka na bin amshi, hannunka na bin bakinka, ƙarshe maganar wani ce a takardarka. Na san akwai marubutan da za su musa, amma har gobe ra'ayina ke nan.

Abin da ya buɗe mini hanya yana bayan rumfarmu, a layin mahauta. Kawuna, ƙanin Inna, makaɗin kalangu ne, kuma kalangu tun asali kiɗan mahauta ne. Da hantsi, nama na isowa daga mayanka, sai ya rataya shi a kafaɗa. Ya matse tsarkiya da hammata, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Da yake Hausa ma da hawa da saukar murya take tafiya, fatar nan tana iya furta sunan mutum sarai. Haka yake bin mahauta ɗaya bayan ɗaya da takensu, bakinsa a rufe. Wanda ya ji nasa sai ya ɗaga wuƙa sama, ya miƙo sefa ɗari ko tsoka guda.

Akwai wani dattijo da ko an zo kansa ba ya ɗago kai. Saransa ne kawai ke canzawa: gatari ya riƙa sauka kan ƙashi daidai da bugun, ba gaba ba baya.

Na ce, "Kawu, me kake ce masa ne?"

Ya ce, "Taken ubansa ne, ɗan nan. Shi ba a yi masa nasa ba."

"Har da furfurarsa?"

"Sauran ka tambayi kalangu."

Bai ƙara ko uffan ba. Daren nan, cikin zafin bazara irin na Garwa da ke hana kowa kwanan ɗaki, na ja fitilar ƙwai tsakar gida da ragowar littafin makaranta. Ina buga taken a gwiwata, duk inda bugu ya tsaya nan nake tsai da jimla: gajera, gajera, sannan doguwa mai jan numfashi. Labarin mutumin da ya gaji wuƙa da teburin ubansa amma aka ƙi kiran sa da sunan kansa ya fito haka nan, har da matarsa da bashin da ke wuyansa, abubuwan da ba wanda ya gaya mini. Da ƙa'idar Faransanci na rubuta Hausar kuwa, don ita kaɗai aka koya mana a aji.

Daga nan kullum hantsi ina bakin layin mahauta, rumfa ba kowa. Ranar da Baba ya dawo ya tarar da mai saye yana jira, littafin kuma a buɗe kan buhun shinkafa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.