Kada Ka Yi Wa Jinjirin Maciji Ɗura

Ranar Asabar na leƙa gidan ƙanwata a Anguwar Rogo, a Jos, na tarar da ɗanta durƙushe a tsakar ɗaki, ya danne kan jinjirin macijin masara, wani maciji marar dafi da ake kiwo a gida, da babban yatsa, yana neman buɗe masa baki da tsinken sakace. Ga sirinji a gefe cike da ɗanyen ƙwai, abokinsa kuma ya saita waya yana ɗauka. Na ce, "Kai, ajiye shi!" Ya ce, "Kawu, yau kwana 9 da na sayo shi bai ci komai ba, mutuwa zai yi." Na karɓe shi. Tsawonsa bai fi santimita 25 ba, idanunsa sun yi hazo kamar an ɗiga musu madara, fatarsa ta dushe. Saɓa yake shirin yi, kuma macijin da ke cikin wannan hali, ko ƙalau yake, ba kasafai yake kula abinci ba.

Abin da ya tsinka min zuciya shi ne sirinjin nan, domin da irinsa na kashe nawa na farko. A cikin bakin maciji, daga ƙasa, dab da inda harshe ke fitowa, akwai wata 'yar kafa, ita ce ƙofar numfashinsa. Hanyar abinci tana can baya. Wanda bai san haka ba, in ya matsa ruwan ƙwai, yana iya zarcewa huhu. Bayan kwana uku nawa ya fara buɗe baki yana neman iska, majina na kumfa a gefen leɓensa, kafin mako ya zagayo na ɗauke shi a sandare. Garin neman gira na rasa ido.

Nakan ce wa kaina ba laifina ba ne kacokan. Wanda ya sayar min bai faɗa min ranar ƙyanƙyasarsa ba, bai ce ya taɓa ci ko bai taɓa ba, kuma a lokacin duk Jos ban san mutum guda da zan tambaya ba. Haka ne. Amma ai ni ma ban tambaye shi ba. Da na tambaya, da na san jinjiri yana fitowa daga ƙwai da sauran gwaiduwa a cikinsa, ita ke riƙe shi har ya yi saɓar farko, wajen kwana 7 zuwa 10 bayan ƙyanƙyasa, kuma sai bayanta ake fara yi masa tayin abinci. Mai ƙoshin lafiya yana iya yin mako huɗu bai ci ba, bai kuma rame a zo a gani ba.

Ɗurar ma ita ce kuskuren ƙarshe, akwai waɗanda suka riga ta. Na sa shi cikin ƙaton akwatin gilashi don in riƙa kallonsa, babu maɓoya. Halittar da nauyinta bai wuce giram 6 ko 8 ba, a dajinsu na kudu maso gabashin Amurka, su Fulorida da Jojiya, tsuntsaye da dama abokan gabarta ne. In ka bar ta a fili, tsoro ba zai bar ta ta ci ba. Kullum kuma ina ɗaukarsa, kullum ina tura masa ɓera a hanci, safe da yamma, har ya zama yana ganin hantsaki sai ya juya ya gudu. Sannan ga sanyi. Watan Disamba ne, hunturun Jos ya kankama, da asuba ɗakin kamar cikin randa. Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa, kuma in babu ɗumi abinci ba ya narkewa a cikinsa, ruɓewa yake, shi ya sa yake ƙin ci tun farko. Na yi ta zargin dabba da taurin kai alhali ita ta fi ni sanin abin da zai kashe ta. To amma wa zai ce a Najeriya maciji zai ji sanyi? Wannan tunanin ne ya ruɗe ni, kuma har yau ina ganin zai ruɗi kowa.

Na zo da niyyar jero wa yaron nan shawarwari goma, da na zauna sai na ga ba su kai ba. Ka ƙyale shi. Ka sayi robar ajiye abinci mai murfi a kasuwar Taminus, kamar girman kwalin takalmi, ka huda ƙananan ramuka da ƙusa mai zafi, ƙanana sosai, don duk inda kansa ya shiga jikinsa zai bi. Shimfiɗa farar tishu, sa murfin kwalba mai faɗi da ruwa, sa maɓoya biyu masu matsi, ko kwalin tsakiyar tishu da aka ɗan latse ya isa. Gefe ɗaya na robar ya kasance digiri 28 zuwa 30, ɗayan wajen 23 ko 24. Shimfiɗar ɗumi ta lantarki za ta yi, a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na robar, amma dole da na'urar daidaita zafi, in ba haka ba ƙona shi za ta yi. In an ɗauke wuta cikin dare, gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma, a jingina ta daga waje. Ka auna da ma'aunin zafi, tafin hannunka ba ma'auni ba ne. Daga nan kwana 7 cur, ban da canza ruwa kada ka taɓa shi. Wannan ne yaran yanzu ba sa iyawa. Ba su sayi dabbar don ta rayu ba, sun saya ne don a gan su da ita a TikTok, in ka ce a rufe ta mako guda sai ka ga fuska ta canza.

Abincinsa jinjirin ɓera ne na kwana ɗaya ko biyu, jajir, babu gashi, giram 1 zuwa 2, kaurinsa kada ya wuce kaurin tsakiyar macijin da rabi. A samo wajen masu kiwon farin ɓera. Na gida da na gona haramiyarka ne: wani ya ci guba, wani kuma yana ɗauke da zazzaɓin Lassa, ka jawo wa gidanku abin da ya fi ƙarfin maciji. In daga firiza ka ciro, jiƙa shi cikin ruwan ɗumi har cikinsa ya yi laushi, babu sauran ƙanƙara. Bayan magariba, lokacin da suke fita farauta, ka ajiye shi a bakin maɓoya, ka kashe fitila, ka fita. Kada ka dawo da tocila kana leƙe. Da safe in yana nan ka zubar, ka jira kwana 5.

In ya ƙi sau biyu, sai a koma ga ƙamshi, domin da harshe yake gane abinci. Ka sa su tare da ɓeran cikin ƙaramin kofin roba mai murfi da ramukan iska, su kwana. Bai yi ba, karo na gaba ka wanke ɓeran, ka huda kansa da allura, ka matso ɗan ƙwaƙwalwa ka shafa a hancin ɓeran. Babu daɗin gani, amma wannan ta fi kowace dabara yi min aiki. Bayanta sai tsoma shi a romon kaza marar gishiri, ko goga masa jikin tsaka, don a daji ƙananan ƙadangaru da kwaɗin bishiya jarirai suke fara ci. Gogawa kawai, kada ka ba macijin tsakar, tana iya sa masa tsutsar ciki. Dabara ɗaya a kowane karo, da kwana 5 a tsakani.

Na ce kada a yi ɗura, kuma ina nan a kai. Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai wanda na ceta bayan mako 7 ta hanyar sa masa guntun wutsiyar ɓera a baki, a hankali, na sake shi ya haɗiye da kansa. Haƙurin ma yana da iyaka. Ka riƙa ɗora shi a sikelin giram sau ɗaya a mako, ka rubuta. In ya zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ko fatar gefensa ta fara naɗewa, ƙashin bayansa ya fito, zama ya ƙare, kai shi wajen likitan dabbobi, ga su nan a Jos da Vom. Hannun da ya saba ne zai yi wannan aikin, ba naka ba.

Ranar da ya ci, kada murna ta sa ka ɗauke shi, a bar shi awa 48. In ya amayar, kada a sake ba shi sai bayan kwana 10 zuwa 14, kuma a duba ɗumin robar kafin komai. Na ɗan ƙanwata yana ɗakina yanzu, a kan kabad, murfi a rufe. Na ce masa ya zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mu duba ko ya yi saɓar, ya bar wayar a gida. Sirinjin kuwa na taho da shi.